Mun Ɗauka Mu Ne Amélie

Ranar da yaron nan ɗan Damagaram zai bar ofishinmu, bayan ya miƙa kwamfutar kamfani da mukullin durowarsa, sai ya ɗan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yayyena, akwai wani littafi da na karanta tun ina makaranta a Yamai. Da Faransanci aka rubuta shi, amma akwai fassararsa da Ingilishi. In kun samu sarari ku neme shi." Ya rubuta sunan littafin a bayan wani tsohon rasit, ya ajiye a kan teburinmu. Muka ce Allah ya kiyaye hanya, a gai da gida. Rasit ɗin ya yi wata huɗu a ƙarƙashin gwangwanin sukari kafin ɗayanmu ya tuna da shi.

Mu uku ne, kuma da bakin mu ukun ake wannan rubutu, tun da abin da za a ba da labarinsa tare muka aikata shi. Dukkanmu mun ba shekara talatin baya, dukkanmu ilimin kwamfuta muka karanta a jami'a, kuma mu ne muka fi kowa daɗewa a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa manhajar karɓar kuɗin makaranta.

Littafin shi ne Stupeur et tremblements na Amélie Nothomb, marubuciya 'yar Beljiyam. Ya fito a 1999, ya ci babbar kyautar ƙagaggen labari ta Académie française a wannan shekarar, aka kuma yi fim ɗinsa a 2003. Ma'anar sunan kusan ita ce firgici da makyarkyata, wato yanayin da tsohuwar al'adar fadar Japan ta ce mutum ya shiga idan zai yi magana da Sarki. Ba shi da kauri, a dare ɗaya ana iya gama shi.

Labarin wata budurwa ce 'yar shekara 22, ita ma sunanta Amélie, wadda ta yi ƙuruciyarta a Japan har zuwa shekara biyar, ta girma da kewar ƙasar, ta koyi harshen sosai, sannan ta dawo a farkon 1990 ta kama aikin shekara ɗaya a wani katafaren kamfani a Tokyo. A littafin an kira kamfanin Yumimoto, sunan da marubuciyar ta ƙirƙira. An ɗauke ta ne don ta yi tafinta. A samanta akwai Fubuki Mori, a saman Fubuki akwai Saito, a samansa Omochi mataimakin shugaba, a can ƙololuwa kuma Haneda. A ƙarƙashin Amélie babu kowa.

Daga nan labarin gangara ce zalla. Aikinta na farko wasiƙa ce ta amsa gayyatar wasan golf, ta rubuta, Saito ya yaga, ta sake, ya sake yagawa, bai taɓa gaya mata abin da ya ɓaci ba. Aka sa ta kai wa baƙi kofi a ɗakin taro, ta kai da ladabi tana jero gaisuwar girmamawa da Japananci mai kyau, sai hakan ya zama laifi: baƙin sun kasa sakin jiki su tattauna a gaban Baturiyar da ke jin abin da suke faɗa. Aka umarce ta da ta daina jin harshen, harshen da saboda shi aka ɗauke ta. Ta rasa abin yi ta kama raba wasiƙu, ashe ta shiga gonar wani. Ta koma gyara kalandar ofis-ofis. Aka ba ta takardu shafi dubu ta yi musu fotokwafi, ana watsar da su ana cewa sun karkace. Aka kai ta sashen lissafi, inda ta ɗauki GmbH, gajeren rubutun da ke bin sunayen kamfanonin Jamus, a matsayin sunan kamfani guda, ta zuba musu lissafinsu a wuri ɗaya. Ƙarshenta aka damƙa mata wankin banɗakunan hawa na 44, ta yi wata bakwai tana yi, ta ƙi ajiye aikin har kwantiraginta ya cika.

Karatun farko dariya muka sha. Muna tura wa juna saƙo da dare, wannan ya ce Omochi sak wani malaminmu na aji uku, wancan ya ce Saito shi ne abokin cinikin nan da ke cewa a canza launin maɓalli ba tare da ya faɗi launin da yake so ba. Duk wanda ya taɓa zama sabo a wurin aiki zai ga kansa a jikin yarinyar nan, mu ma muka ga kanmu. Mun tuna shekarunmu na farko, lokacin da aikinmu bai wuce gyara firinta da sayo mai a janareta ba, alhali da digiri a hannu. Muka ce lallai Japanawa sai a bar su.

Wanda ya fara ɓata mana dariyar shi ne ɗayanmu da ya koma kan babin man shanu.

Ga yadda abin yake. Wani manaja mai suna Tenshi, na sashen kayan madara, ya lura cewa ana ɓarnatar da yarinyar. Yana buƙatar rahoto a kan wata dabara da aka fito da ita a Beljiyam ta rage maiƙo a man shanu, ga kuma 'yar Beljiyam zaune tana juya kalanda. Ya ba ta aikin a asirce. Ta buga waya gida, ta tattara bayani, ta rubuta rahoto mai kyau cikin ɗan lokaci. Shi ne aiki guda na kirki da ta yi a shekarar, kuma shi ne ya kashe ta. Omochi ya kira su biyun ya wanke su tas. Wadda ta kai ƙarar kuwa ita ce Fubuki, kyakkyawar doguwar matar da Amélie ke zaune tana kallo kamar wata, tana zaton ƙawarta ce.

A karatun farko mun ɗauki Fubuki a matsayin muguwa, mai hassada, shi ke nan. A na biyu muka tsaya muka yi mata lissafi. Shekararta 29. Ta yi shekara bakwai tana haƙa kafin ta kai kujerar da take kai. Dokar Japan ta daidaita damar aiki tsakanin maza da mata a 1986 ta fara aiki, shekara huɗu kacal kafin lokacin labarin, kuma manyan kamfanoni da yawa sun amsa dokar ne da raba ma'aikata layi biyu: layin masu hawa matsayi, wanda kusan duk maza ne, da layin masu aikin ofis na yau da kullum, inda aka tara mata suna buga takardu suna zuba shayi har su yi aure su tafi. Macen da ta ratsa zuwa layin farko a wancan zamani ta biya farashi mai tsada, kuma kullum ana jiran ta yi tuntuɓe. Sai ga wata baƙuwa ta zo, ko wata uku ba ta yi ba, tana neman tsallake duk matakalar da rahoto ɗaya. Ba mu ce Fubuki ta kyauta ba. Amma mun gane ta, kuma ganewar ce ta dame mu.

Akwai kuma abin da Amélie ba ta sani ba, wanda ba a koyarwa a ajin harshe. A kamfanonin Japan akwai abin da suke kira nemawashi. Asalin kalmar ta manoma ce: haƙa kewayen saiwar bishiya a hankali tun kafin ranar da za a cire ta a dasa a wani wuri. A ofis tana nufin ka bi duk wanda shawara za ta shafa, ɗaya bayan ɗaya, ka ji ta bakinsa a keɓe, ta yadda ranar taro babu wanda zai ji abu a karon farko. Akwai kuma horenso, kalma mai sauti ɗaya da sunan alayyafo a harshensu, wadda aka haɗa daga farkon kalmomi uku: kai rahoto, sanarwa, da neman shawara. Ƙaramin ma'aikaci ba ya ɓacewa da aiki ya dawo da shi kammalalle don ya burge. Yana tafe yana sanar da na sama da shi. Rahoton man shanu ya taka duka biyun. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: umarnin da ka rubuta daidai ne, babu kuskure ko ɗaya a cikinsa, amma ba ka da izinin taɓa wurin da ka taɓa, sai na'ura ta ƙi ka. Bambancin shi ne na'ura tana gaya maka dalili. Ofis ba ya gaya maka.

Yanzu sai mu koma kan yaron Damagaram.

Ya zo mana da Hausa tsantsa, wadda ta fi tamu ma, tun da shi ba ya cusa Ingilishi a kowace jimla. Muna sallah tare, muna cin abinci a faranti ɗaya. Saboda haka ba mu taɓa kallon sa a matsayin baƙo ba, kuma ba mu taɓa zaunar da shi mun gaya masa yadda ake yi a nan ba. Mun ɗauka wanda ya ji harshe ya ji komai. Shi kuwa a wata makaranta daban ya taso, inda ɗalibin da ya gano kuskuren malami a allo yake ɗaga hannu ya faɗa.

A watansa na biyu ya lura da wani rahoto a manhajarmu, wanda ke fitar da jerin ɗaliban da ba su gama biyan kuɗi ba. Rahoton kan ɗauki wajen minti huɗu kafin ya buɗe. Akantocin makarantu sun yi ƙorafi har sun gaji, mu kuma mun saba ce musu matsalar intanet ce. Ba intanet ba ce. Mu ne muka rubuta tambayar da ake yi wa rumbun bayanai a gurguje shekara uku da suka wuce, ta yadda ga kowane ɗalibi sai ta koma ta karanta dukkan tarihin biyan kuɗi daga farko. Mun san akwai gyara a wurin, muna ta cewa sai an samu lokaci. Yaron ya zauna ranar Asabar ya gyara, rahoton ya koma buɗewa cikin daƙiƙa kaɗan. Ranar Lahadi da yamma ya sa hoton sakamakon a zauren WhatsApp na kamfani, inda mai kamfanin yake, da kuma wakilan makarantu biyu. Ya bayyana abin da ya jawo jinkirin dalla-dalla, da murnarsa. Mai kamfanin ya sa masa alamar tafi. Ɗaya daga cikin wakilan ya rubuta, "Ashe dai ba intanet ba ce."

Ranar Litinin babu wanda ya ɗaga masa murya. Mu ba Omochi ba ne, ba mu iya ihu ba. Muka kira shi gefe muka ce, "Ƙanena, ka yi ƙoƙari, amma ka taɓa rumbun da makarantu ke aiki da shi kai tsaye, ba ka ajiye kwafi ba, ba wanda ya duba aikinka. Da ka yi kuskure da kuɗin mutane ya salwanta." Wannan gaskiya ce, ko yau aka tambaye mu za mu maimaita. Ya ce, "Ku yi haƙuri, Yaya, ban sani ba." Muka cire masa izinin shigar da gyara. Muka ce na ɗan lokaci ne, har ya koyi tsari. Muka ba shi wayar ƙorafi: wanda ya manta kalmar sirrinsa, wanda rasit ɗinsa bai fito ba, wanda bai san inda ake danna fita ba. Muka ƙara masa da fassara rubutun fuskar manhaja zuwa Faransanci, ko da wata rana za mu shiga kasuwar Nijar, alhali mun san babu wannan shirin. Ɗan lokacin nan ya zama wata takwas.

Abin da ya fi ba mu kunya da muka waiwaya shi ne ba mu taɓa zama mun ƙulla hakan ba. Babu ranar da wani cikinmu ya ce a hukunta shi. Duk lokacin da maganar mayar masa da izini ta taso, sai wani ya ce a bari a gama wannan zangon karatu, sauran su yi shiru. Dalilinmu na gaskiya yana nan a gaba kamar garkuwa, dalilinmu na ainihi yana ɓoye a bayansa: ya nuna wa mai gida da baƙi cewa shekara uku muna faɗin abin da ba haka ba.

A littafin akwai wurin da Omochi ya tsaya a tsakiyar ofis ya ci mutuncin Fubuki a gaban kowa, na tsawon lokaci, ba ta ce uffan ba, ba ta zubar da hawaye ba. Da ya gama ta wuce banɗaki. Amélie ta bi ta don ta rarrashe ta, ta same ta tana kuka. Wannan ganin shi ne laifin da ba a yafe mata ba, shi ne ya kai ta ga buroshin wanke masai. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Mun san mutum kan yafe wa wanda ya zage shi, ya kasa yafe wa wanda ya ga tsiraicinsa, ko da da kyakkyawar niyya ya gani.

Ba za mu ce littafin ba shi da aibi ba. Yana da shi, kuma babba. Nothomb ta zana Japanawanta kamar zanen barkwanci, an ƙara wa kowa girman hanci. Akwai wasu shafuka da ta ware tana bayanin rayuwar macen Japan gaba ɗaya, kamar mata miliyoyi mutum ɗaya ne, kuma duk a bakin baƙuwar da ta yi shekara ɗaya a hawa ɗaya na gini ɗaya. Wanda bai san komai game da ƙasar ba zai rufe littafin yana zaton ofisoshinsu gidan mahaukata ne. To amma kamfanonin da ake yi wa dariyar nan su ne a lokacin suka cika duniya da motoci da rediyo da kyamara. Kwanaki kaɗan kafin Amélie ta shiga Yumimoto, a ranar 29 ga Disamba 1989, ma'aunin hannun jari na Nikkei ya kai maki 38,915, matsayin da bai sake takawa ba sai a 2024. Tsananin aikin kuwa ba ƙage ba ne: suna da kalma ta musamman, karoshi, don mutuwa saboda yawan aiki, kuma sai a 2019 dokar da ta ƙayyade awannin ƙarin aiki ta fara aiki a manyan kamfanoni.

Mu da muke wannan sana'a ma bai kamace mu mu yi dariya da ƙarfi ba, domin allon da ke bangon ofishinmu, mai layi uku na abin da za a yi, abin da ake yi, da abin da aka gama, sunansa kanban, kuma daga masana'antar Toyota ya samo asali. A can ɗin dai aka san wata igiya da ke rataye a gefen layin haɗa mota, wadda kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantarsa, yake da ikon ja idan ya ga matsala, a zo a duba, in ta kama a tsayar da layin. Ƙasar da ta haifi Yumimoto na littafi ita ce ta haifi wannan igiyar. Mu mun aro allon mun manna a bango, igiyar kuwa ba mu aro ta ba. Yaronmu ya ga matsala, bai ga abin ja ba, sai ya ja abin da hannunsa ya kai.

Wani abu da muka yi ta gardama a kai shi ne zaman da Amélie ta yi har ƙarshe. A littafin, dalilinta shi ne ajiye aiki kafin lokaci zubar da mutunci ne a idon Japanawa, ita kuma tana so ta nuna ta iya zama kamar su. Da wa'adin ya kusa cika ta bi shugabanninta huɗu ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, tana sanar da tafiyarta tana ɗora wa kanta laifi. Ɗayanmu ya ce wannan jarunta ce. Wani ya ce wauta ce, shekara guda ta rayuwa ta tafi a banza. Na ukunmu ya ce mu bar Amélie, ita ta samu littafi a ciki, mu tambayi kanmu me ya zaunar da namu yaron wata takwas yana amsa wayar masu mantuwa. Mu a lokacin haƙurinsa muke yabo. Har mukan ce yaron nan akwai tarbiyya. Bai taɓa zuwa mana a rai ba cewa mai yiwuwa kuɗin haya ne, ko kunyar komawa gida da labarin an kore shi, ko kuma yana ƙirga kwanaki ne kawai. Kuma a ofishinmu babu wanda ya yi abin da Tenshi ya yi, wanda da ya ga inda aka kai ta ya daina shiga banɗakin hawan, wasu maza suka bi sahunsa.

Bayan mun gama gardamar muka yanke shawarar rubuta ƙa'idojin da muke cewa yaron ya karya, don wanda zai zo gaba ya same su a takarda. Na farkon sun zo da sauƙi: kada a taɓa rumbun da ake aiki da shi sai an ajiye kwafi, kada gyara ya shiga sai mutum na biyu ya duba, kada a saki sabon abu ranar Juma'a da yamma. Muka zo kan ta zauren WhatsApp muka tsaya. Yaya za a rubuta ta? Kada ƙarami ya faɗi kuskuren babba a gaban abokin ciniki? Da muka gan ta a rubuce sai ta yi muni, muka goge. Muka gwada wata siga, ita ma muka goge. Abin da ya rage a takardar shi ne: duk wanda ya ga matsala ya sa ta a allo da sunansa, kuma dole babba ya amsa masa cikin kwana biyu. Ko za mu iya riƙe wannan ranar da matsalar ta sake zama tamu, ba mu da tabbas. Ba a gwada mu ba tukuna.

A ƙarshen littafin, bayan Amélie ta koma Turai ta fitar da littafinta na farko a 1992, wata gajeriyar wasiƙar taya murna ta iso mata daga Fubuki, an rubuta ta da Japananci, harshen da aka taɓa umartar ta da ta manta. Mu ba mu jira yaronmu ya yi suna ba. Mun ji yana aiki a Yamai, sai muka haɗu muka rubuta masa saƙo. Mun yi kusan awa ɗaya a kan layi biyar. Muka ce mun karanta littafin, mun kuma gane ko su wane ne mu a ciki, ya yafe mana.

Sai washegari da hantsi ya amsa. Ya ce, "Babu komai wallahi, Yayyena, ya wuce. Ku gai da mutanen ofis." Bayan minti biyu wani saƙon ya shigo: rahoton kuɗin jarrabawa ma yana da irin waccan matsalar, ya gani tun a lokacin amma bai faɗa ba, mu duba fayil na uku a cikin jakar rahotanni.

Muka duba. Yana nan yadda ya ce.